Azurfa, Ƙarfen da Aikinsa Ke Cinye Shi

A shekarar 1942, yaƙin duniya na biyu na kan ganiyarsa, injiniyoyin sojan Amurka suka tunkari Baitulmalin ƙasarsu da wata buƙata da ba a saba ji ba. Za su gina manyan na'urorin maganaɗisu a Oak Ridge, cikin jihar Tennessee, domin tace yuraniyom ɗin da za a haɗa bam da shi, ga kuma jan ƙarfen da ake naɗa wayar irin waɗannan na'urori da shi ya yi wuya, kwanson harsashi da wayoyin sadarwa sun lashe shi. Aron azurfa suka je nema. Aka ɗebo musu fiye da tan 13,000 daga rumbun ajiyar gwamnati da ke West Point, aka narkar da ita, aka murje ta falle-falle, aka naɗe a jikin injuna, lantarki ya yi ta gudu a cikinta har aikin ya kammala. Sai a 1970 aka gama biyan bashin, kuma abin da ya salwanta bai taka kara ya karya ba. Mai ba da aron dukiya yake gani, mai karɓa kuwa waya yake gani. Shekarun da suka biyo baya sun fi goyon bayan mai karɓar.

A idon yawancin mutane azurfa ƙanwar zinariya ce da ba ta yi goshi ba: ita ake ba wanda ya zo na biyu a gasa, ita ake saya idan kuɗin gwal bai kai ba. Wannan jeri na farashi ne, shi kuwa farashi ƙarancin abu yake aunawa da kwaɗayin mutane a kansa, ba ruwansa da yawan aikin da abin ke yi. In da aiki za a auna, azurfa ce kan gaba a cikin ƙarafa masu daraja. Fiye da rabin wadda duniya ke buƙata kowace shekara masana'antu ne ke cinyewa, alhali rabon masana'antu a zinariya bai kai kashi 10 cikin ɗari ba. Wannan bambanci yana da sakamakon da ba a cika lura da shi ba. Zinariya taruwa take yi, domin a zaune take. Azurfa kuwa watsewa take yi, ta shiga kaya ƙwaya-ƙwaya, in kayan sun mutu ta bi su bola. Arharta ce ta sa ake shafa ta ko'ina, arhar ce kuma ta sa ba wanda ya damu ya sunkuya ya tsince ta.

Dalilin ɗaukar ta aiki yana cikin halittarta. Babu ƙarfen da lantarki ke ratsawa cikin sauƙi kamar azurfa, babu wanda ya kai ta kai zafi daga wannan gefe zuwa wancan, babu kuma wanda ya kai ta mayar da hasken da ido ke gani idan an goge ta. Mai son gani da idonsa ya ɗora gutsuren ƙanƙara a kan tsabar azurfa, ya ɗora wani a kan cokalin ƙarfe na cin abinci. Na kan azurfar zai fara narkewa nan take, domin tana zuƙo ɗumin ɗaki da na yatsun da ke riƙe da ita tana miƙa masa. Jan ƙarfe ne ke biye mata a wajen lantarki, kuma ratar da ke tsakaninsu ba ta wuce kashi 6 cikin ɗari ba, saboda haka ba mahaukacin da zai ja wayar gidansa da azurfa. Ana ajiye ta ne domin wuraren da haɗi ke buɗewa yana rufewa sau dubbai, tartsatsi na tashi, ana kuma son ya ci gaba da kamawa. 'Yan ƙananan kawunan da ke haɗuwa cikin makunnin fitila da na injin wanki da na'urorin mota, akasari da garwayen azurfa ake yin su. Siraran layukan da ke kwance a gilashin bayan mota, masu ɗumama shi su kori raɓa, tawadar azurfa ce aka gasa a jiki. Ɗan batirin agogon hannu mai kama da maɓalli, a yawancin lokuta da ita aka haɗa shi. Mai gyaran firji da na'urar sanyaya ɗaki ya san sandar liƙi mai ɗan kason azurfa ta fi tsada, ya kuma san ita ce ke bin gaɓar bututu ta toshe ko'ina gas bai samu hanyar fita ba. Har yadin poliyesta da robar ruwan kwalba suna da bashinta a wuya, domin ɗaya daga cikin sinadaran da ake yin su da shi sai ya ratsa ta kan azurfa a cikin tukunyar masana'anta kafin ya samu.

Tana da aibi biyu. Na farko taushi: tsantsarta ba ta jure wahala, zobe sai ya lanƙwashe, awarwaro ya lotsa. Shi ya sa maƙeran fari ke sirka ta da jan ƙarfe, kuma lambar 925 da ake bugawa a cikin zobe ma'anarta ke nan, kashi 92.5 azurfa, sauran 7.5 yawanci jan ƙarfe. Na biyu baƙi. Azurfa ba ta yin tsatsa irin ta baƙin ƙarfe, amma ita da farar wuta ba sa ga maciji: ɗan ɓurɓushinta da ke cikin iska, ko gumi, ko ƙwai, ko albasa, ya isa ya shimfiɗa mata baƙar fata a sama. Mutane da yawa in zobensu ya yi baƙi sai su ce an cuce su, alhali baƙin ma wata shaida ce cewa azurfa ce. A dirje ta da toka ko yashi za ta yi haske, amma kowace dirza tana tafiya da wani abu daga jikinta. Hanya mafi sauƙi ita ce a shimfiɗa takardar alminiyom ta naɗe abinci a kwano, a zuba ruwan zafi da cokalin sodar yin burodi, a sa zoben ya taɓa takardar. Cikin 'yan mintuna baƙin zai janye, ɗan wari irin na ruɓaɓɓen ƙwai ya tashi, domin farar wutar ta saki azurfar, ita kuwa azurfar ta zauna inda take.

A nan ne mai kare zinariya zai ɗaga hannu, kuma yana da abin faɗa. Ai ita ma tana aiki, zai ce, har ma a inda azurfa ta gaza. Haka ne. Zinariya ba ta baƙi, ba ta tsatsa, ruwan gishiri ba ya cin ta, shi kuwa baƙin da ke hawa azurfa yana tare lantarki idan lantarkin mai rauni ne. Saboda haka duk inda ake son haɗi ya shekara goma bai canja ba, ruwan zinariya ake shafawa: fuskar layin waya, haƙoran da ke cikin kwamfuta, bakin wayoyin jirgin sama. Taushinta ya kai a buga giram ɗaya ya zama falle mai faɗin kusan murabba'in mita guda. Madubin na'urar hangen sararin samaniya ta James Webb, wadda aka harba a Disamban 2021, faɗinsa mita 6.5 ne, amma zinariyar da aka lulluɓe shi da ita ba ta kai giram 50 ba. Sai dai misalin da kansa ya nuna iyakar hujjar: aikin zinariya na gaske ne, amma kaɗan yake ci. Abin da ɗan Adam ya haƙo tun farkon tarihi ya haura tan 200,000, kuma kusan dukansa yana nan, a wuyan mata, a akwatunan ajiya, a rumbunan manyan bankunan ƙasashe. Ba a yar da gwal. Ko ƙurar da ta zuba a shagon maƙerin gwal sharewa ake yi a tara a tace. Abin dariya ma, lambar zinariyar da ake rataya wa zakaran gasar Olamfik azurfa ce aka yi wa wanka da giram shida na zinariya. Rabon da a ba da ta zinariya zalla tun gasar 1912 a Stockholm.

Da can azurfa ma tana da irin wannan gata na ajiya. Shekaru dubbai ita ce kuɗin da jama'a ke taɓawa, zinariya kuwa ta sarakuna ce da manyan fatake. Da azurfar ma'adinan Laurion mutanen Atina suka gina jiragen ruwan da suka karya rundunar Farisa a Salamis, shekara 480 kafin haihuwar Annabi Isa. Bayan 1545, da Sifaniyawa suka faɗa kan dutsen Potosí a ƙasar Bolibiya ta yau, azurfar da 'yan asalin yankin suka haƙo ƙarƙashin aikin tilas, da yawansu suka bar rayukansu a ramuka da tururin zaiba, ta cika Turai, wata kuma ta ratsa tekun Fasifik ta Manila ta isa ƙasar Sin, inda da ita ake biyan haraji. Ƙasar Hausa ta samu nata rabon. Dalar Mariya Tereza ta Ostiriya, mai nauyin giram 28, wadda aka ci gaba da bugawa da shekarar 1780 a jikinta tsawon zamani bayan rasuwar sarauniyar, ta biyo ayarin Sahara zuwa Borno da Kano, ana canja ta da dubban wuri, kuma da yawa daga cikinta ta ƙare a maƙera, ta koma zobe da munduwa da adon doki, ko irin abin wuyan da maƙeran Buzaye na Agadas suka shahara da shi. Amma tun kafin ƙarni na 19 ya ƙare an fara tuɓe mata rawani. Jamus ta koma ma'aunin zinariya bayan 1871, Amurka ta bi sahu da dokar 1873. Sulallan farko da Hukumar Kuɗin Afirka ta Yamma ta fitar a 1913 na azurfa ne, zuwa 1920 an maye gurbinsu da na tagulla. Ingila ta cire ta daga tsabar kuɗinta ɗungurungum a 1947, Amurka kuma ta cire ta daga ƙananan tsabarta a 1965.

Girman wannan sauyi yana bayyana a lissafin da kowane ɗalibin fiƙihu ya haddace. Nisabin zakka dinari 20 ne na zinariya ko dirhami 200 na azurfa, wato kimanin giram 85 da giram 595 a awon yau. Mafi ƙarancin sadaki a mazhabar Malikiyya rubu'in dinari ne ko dirhami uku. Ke nan a wancan zamani giram ɗaya na zinariya yana tsayawa a madadin giram bakwai ko takwas na azurfa. Dokar kuɗi ta Amurka ta 1792 ta yanke shi a kan 15. A mafi yawan shekarun baya-bayan nan sai an tara giram 60 zuwa 90 kafin a sayi giram ɗaya na zinariya, a Maris na 2020 ma ya haura 120. Wannan ne ya jawo saɓanin malaman zamani a kan wanne daga cikin nisaban biyu za a auna kuɗin takarda da shi, tunda na azurfa ya sauko ƙasa ƙwarai. Abin mamakin shi ne, abin da ake fitarwa daga ƙasa bai nuna irin wannan rata ba. A shekara ana haƙo azurfa kimanin tan 25,000, zinariya kuma kimanin tan 3,600, wato bakwai da ɗaya. Ragowar ratar daga zukatan mutane take: zinariya ce mafakar mai tsoron faɗuwar kuɗi da yaƙi da gwamnati, kuma ana biyan kuɗin wannan mafaka a cikin farashinta.

Da aka kore ta daga aljihu sai ta kama sana'a. A 1835 masanin Jamus Justus von Liebig ya gano yadda za a shimfiɗa ta siririya a bayan gilashi, madubi ya sauko daga fada ya shiga ɗakin kowace amarya. A 1839 Louis Daguerre ya bayyana hanyarsa ta ɗaukar hoto a Faransa, kuma daga ranar har ƙarshen ƙarni na 20 kusan duk hoton da aka ɗauka, na biki ko na fasfo, fim ɗin silima ko hoton ƙashi na asibiti, gishirin azurfa ne da haske ya taɓa ya yi baƙi. Zuwa 1999 sana'ar hoto kaɗai tana cin kusan kashi ɗaya cikin huɗu na azurfar da ake sarrafawa. Sai kyamarar dijital ta zo, waya ta biyo baya, kamfanin Kodak ya nemi kariyar kotu daga masu bin sa bashi a 2012, rabon hoto ya faɗo ƙasa da kashi 5 cikin ɗari. Daga nan ne suka mafi ƙarfi ga wannan magana take fitowa. Idan babbar sana'a irin wannan za ta iya ɓacewa cikin shekara goma sha wani abu, in ji mai suka, to darajar da aka jingina da aiki ba ta da tabbas. Injiniya kullum neman abin da zai maye gurbin mai tsada yake yi, alminiyom ya riga ya ƙwace madubai masu yawa, jan ƙarfe kuma yana nan yana jira.

Sukar tana da tushe, amma abin da ya faru ya amsa ta. Hoto ya tafi, buƙatar masana'antu ba ta ragu ba, ƙaruwa ma ta yi, domin ba sana'a ɗaya ce ke riƙe da azurfa ba, halayenta ne, kuma kowane zamani yana zuwa da abin da ke neman waɗannan halaye. Na wannan zamani yana kan rufin gidaje. Wanda ya matsa kusa da faifan sola zai ga siraran layuka farare sun ratsa kowane shuɗin murabba'i, wasu sun fi gashi kauri kaɗan. Kwaɓin azurfa ne aka buga aka gasa, su ne ke tattara lantarkin da rana ta tayar su kai shi waya. Dole su zama sirara don kada su yi wa faifan inuwa, dole kuma su wuce da lantarki ba asara, kuma a nan ne 'yar ratar nan da ke tsakaninta da jan ƙarfe take zama kuɗi. Masu ƙera faifan sun rage abin da suke sawa a kowane guda ƙwarai da gaske, suna kuma gwada jan ƙarfe, amma yawan faifan da ake ƙerawa ya fi ragin gudu. Alƙaluman cibiyar Silver Institute sun nuna sola kaɗai ta ci kusan oza miliyan 200 a 2023, haka ma a 2024, wato wajen tan 6,000, kusan rubu'in abin da ake haƙowa. Ga wani ƙulli kuma: kusan kashi 70 cikin ɗari na azurfar duniya ba don ita ake haƙa ramin ba, tana fitowa ne a gefen dalma da tutiya da jan ƙarfe da zinariya. Dutsen tozali ma, wanda dalma ce da farar wuta, yana cikin manyan gidajenta. Don haka ko farashinta ya tashi, mai ramin tutiya a Feru ko Meziko ko Sin ba zai ninka haƙarsa saboda ita ba. Tun daga 2021 cibiyar ke ba da rahoton cewa buƙata ta fi abin da ke shigowa kasuwa, ana cike giɓin daga tsohuwar ajiya.

A asibiti ma tana da aiki, sai dai a nan gaskiya da ƙarya sun cakuɗe. Azurfa tana kashe ƙwayoyin cuta idan ta taɓa su. A 1881 likita Carl Credé na birnin Leipzig ya wallafa yadda ɗigon ruwan gishirin azurfa a idon jariri ke hana ciwon da ke makantar da jarirai, aka yi ta amfani da shi kusan ƙarni guda kafin man shafawa na zamani ya karɓe shi. Farin kirim ɗin da ake shafa wa mai ƙuna tun shekarun 1960 da ita aka haɗa shi, ko da yake binciken baya-bayan nan ya nuna wasu sababbin bandeji sun fi shi saurin warkar da ƙunar da ba ta yi zurfi ba. Cikon haƙori mai launin toka azurfa ce da kuza da jan ƙarfe aka kwaɓa da zaiba. Duk wannan a waje ne, ko a inda likita ya auna. Amma masu talla sun ɗauki wannan gaskiya sun ɗora mata kaya, suna sayar da ruwan azurfa na sha wai maganin komai ne. Jiki ba ya buƙatar azurfa, ba ya kuma iya fitar da ita duka. Wanda ya daɗe yana sha sai ta taru a fatarsa, ta rine ta koma shuɗi-shuɗi mai toka, kuma rinin ba ya fita. Hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta yanke tun 1999 cewa ba a tabbatar da amfani ko amincin irin waɗannan kayayyaki ba. Yabon azurfa bai kamata ya kai mutum ga kwankwaɗar ta ba.

Dangin filatinom sun zo da darasi iri ɗaya ta wata ƙofa. Sifaniyawan da ke wankin zinariya a kogunan Kolombiya sun ɗauki filatinom a matsayin datti mai hana ruwa gudu, ga shi ba ya narkewa sai zafi ya haura digiri 1,700, alhali azurfa tana narkewa a 962, zinariya a 1,064. Yau shi da faladiyom da rodiyom su ne ke cikin tukunyar da ke gaban salansar mota, a shafe a jikin wani farin dutse mai ƙananan ramuka wanda makanikai a Najeriya ke kira indomi. Hayaƙi mai guba ya ratsa ta ciki, ya fito da sauƙi. Tun 1975 aka fara sa ta a motocin Amurka. Filatinom ne kuma ƙashin bayan sisfilatin, maganin sankarar da aka amince da shi a 1978. Kusan kashi 70 cikin ɗari na filatinom daga Afirka ta Kudu yake fitowa, faladiyom kuwa Rasha ce ke riƙe da wajen kashi 40. A Maris na 2021 ozar rodiyom ta kusa dala 30,000, ninkin zinariya fiye da sau goma sha biyar. Irin wannan tsada ce ta sa ake cire indomin daga motoci, wani lokaci da sanin mai mota, wani lokaci ba da saninsa ba, sai dai ya ji ƙarar ta canja, hayaƙi na yi masa yaji a ido. Laifi ne, kuma huhun jama'a ne ke biya, amma ya nuna abu guda: ƙarfen da ya yi tsada, kuma yake dunƙule wuri ɗaya, ba ya kwana a bola.

Wani zai ce, to in haka ne, mai hankali sai ya sayi azurfa ya ajiye. A nan sai an yi hattara, domin amfanin abu daban, ribar ajiye shi daban. Kasuwar azurfa ƙarama ce, kuɗi kaɗan ke girgiza ta. A 1979 attajiran man fetur na Texas, 'yan'uwa Nelson Bunker Hunt da William Herbert Hunt, suka yi ta sayen ta har farashin oza ya tashi daga wajen dala 6 zuwa kusan dala 50 a Janairun 1980. Kasuwa ta canja dokokin ciniki, ranar 27 ga Maris farashin ya rikito ƙasa da dala 11, aka shafe shekara talatin da ɗaya kafin ya sake leƙa wancan matsayi a 2011, ya kuma sake faɗuwa. Da yake masana'antu ne manyan masu saye, duk lokacin da tattalin arzikin duniya ya yi sanyi ita ma sai ta yi, daidai lokacin da mai ajiya ke buƙatar kuɗinsa. Ga nauyi, ga cin wuri. Ga kuma kuɗin ƙira: a sarƙar gwal ladan maƙeri ƙaramin kaso ne na farashi, a zoben azurfa kuwa sau da yawa ladan ya fi ƙarfen, kuma ranar sayarwa ƙarfen kaɗai za a ɗora a sikeli. Matan da ke adana dukiyarsu a gwal ba su yi kuskuren lissafi ba.

Inda lissafin ya karkace shi ne wajen zubarwa. A zamanin fim azurfa tana da hanyar dawowa: ruwan wankin hoto da tsofaffin hotunan ƙashi ana tara su a tace, domin tana da yawa a ciki kuma an san inda take. Yanzu ta rarrabu. Wadda ke cikin wayar hannu ba ta kai rabin giram ba, zinariyar kuwa ba ta kai kashi ɗaya cikin goma na giram ba, a manne da roba da gilashi da wasu ƙarafa da dama. Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya ya ce sharar kayan lantarki ta kai tan miliyan 62 a 2022, kuma kashi 22 cikin ɗari kaɗai aka tabbatar an tattara an sarrafa ta yadda ya dace. Japan ta nuna abin da tattarawa ke iya yi da kuma wahalarta. Domin gasar Olamfik ta Tokyo ta 2020 an shekara biyu ana karɓar matattun kaya daga jama'a, wayoyi fiye da miliyan 6 da ƙananan na'urori kusan tan 79,000, aka fitar da zinariya kilo 32 da azurfa kilo 3,500, aka ƙera lambobi kusan 5,000. Dutsen shara ya haifi abin da motar ɗaukar kaya ɗaya za ta kwashe. Duk da haka tan ɗaya na allunan cikin waya ya fi tan ɗaya na dutsen yawancin ma'adinai zinariya da azurfa nesa ba kusa ba.

'Yan jari-bola sun riga masana gane wannan, shi ya sa matacciyar waya da koren allon cikin rediyo da kwamfuta suke da farashi a kan sikeli. Sai dai kiran a tace a gida, wanda ake yawan ji da sunan kada arziki ya fita waje, yana buƙatar a tsaya a duba. Tacewa a bayan gida ma'anarta ƙona allo a fili da jiƙa shi a ruwan asid, abin da aka gani shekara da shekaru a Agbogbloshie ta Akara kafin a rushe wurin a 2021. Hayaƙin yana ɗauke da dalma da gubar roba, abin da ake samu kuma akasari jan ƙarfe ne da ɗan gwal, azurfar da faladiyom su bi toka da ruwan da aka zubar. Arewacin Najeriya ya san kuɗin sarrafa ƙarfe mai daraja a tsakar gida: a 2010 dutsen zinariya mai ɗauke da dalma da aka riƙa niƙawa cikin gidaje a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum na jihar Zamfara ya kashe yara aƙalla 400. Matatun da ke iya fitar da ƙarafa fiye da goma daga allo ɗaya ba tare da sun sa wa unguwa guba ba, irin ta Hoboken a Beljiyam, ƙalilan ne a duniya, kuma jarinsu ya fi ƙarfin ɗan kasuwa ɗaya. Abin da ke hannun ƙasashe irin namu a yanzu shi ne matakin farko: tattarawa, warwarewa da hannu ba da wuta ba, rarrabe allo mai daraja daga maras daraja, da sayarwa da sanin abin da ke ciki, domin wanda bai san nawa ne azurfar da ke buhunsa ba farashin tarkace za a ba shi.

Faifan sola ne zai gwada wannan. Yana yin shekara 25 zuwa 30, wanda aka shigo da shi na hannu kuwa ya riga ya ci wani abu daga shekarunsa kafin ya hau rufi a Kano ko Maraɗi. Kowane guda yana ɗauke da 'yan giram na azurfa, a matse tsakanin gilashi da roba. A nauyi ba a bakin komai take ba, amma a kuɗi tana cikin mafi tsoka a duk abin da ke jikin faifan. Mai sayen tarkace yau firam ɗin alminiyom yake cirewa da 'yar wayar da ke baya, sauran a jingine a bango ko a farfasa. Tarayyar Turai ta sa faifan sola cikin dokarta ta sharar lantarki tun 2012, ta ɗora wa masu ƙerawa da masu shigowa da shi nauyin karɓar wanda ya mutu, kuma a 2023 aka buɗe wata masana'anta kusa da Grenoble a Faransa da aka gina musamman domin ciro azurfa da silikon daga tsofaffin faifai. Faifan da suka mutu ba sa ruɓewa, ba sa kuma zubar da azurfarsu muddin gilashin bai fashe ba, saboda haka ko rumbun da za a jera su a tsaye, a rubuta adadinsu, ya isa ya tsare abin da ke ciki har ranar da za a samu mai tacewa.